Shekarar da Muka Karkata Sahu a Masallacin Baba

Na san abin da kuke ji a gidan Yaya Lawal in an taru suna ko biki. Wai ni na kunyata kakanku a gaban jama'arsa, wai baƙin cikin abin ne ya kwantar da shi. Ban taɓa tanka wa maganar ba, domin mai faɗinta yana riƙe da rabin gaskiya. Yanzu da ciwon gwiwa ya zaunar da ni wuri ɗaya, bari in ba ku ɗaya rabin, ku haɗa da kanku.

Kakanku Malam Sambo daga ƙasar Zazzau ya taso yana saurayi, da jaki ɗaya da gafakar littattafai, yana fataucin kanwa. Ya iso wajen Jiwa bayan kaka, lokacin sanyi. Gwarawan wurin suka ba shi fili a bakin rafi ya kafa bukka. Akwai wani dogon dutse da ke fuskantar filin, mai tsaga a samansa kamar giɓin haƙori. Da gari ya waye ya ga rana ta ɓullo daidai cikin tsagar nan, sai ya ce to nan ne gabas, ya jera duwatsu ya yi salla. A kan duwatsun nan aka tada masallacin ƙasa daga baya, aka kuma yi ta zuwa ana kafa gida kusa da shi, Hausawa 'yan kasuwa da Fulani masu kawo nono da Gwarawan da suka musulunta a hannunsa, har wurin ya zama Tungar Malam. Nan aka haifi Yaya Lawal, nan aka haife ni bayan shekara huɗu.

A Tunga ba ma cewa alƙibla, Dutse muke cewa. In za a yanka rago, sai a ce juya shi Dutse. In mutum ya tsuguna a bayan gari, ya san ba zai ba Dutse gaba ko baya ba. Ba a kwanciya a miƙe ƙafa wajensa. Masai da kabari duk da shi ake auna su. Gwarawan da ba su musulunta ba suna hawansa farkon damina da kaza da ƙwaryar burkutu, Baba kuwa bai taɓa hana su ba. Yakan ce su a dutsen suke tsayawa, mu ta tsagar muke wucewa zuwa Makka. Ina ƙarami na yi imani cewa in ka hau can sama ka leƙa, za ka hango hasumiyoyin Harami. Wani abu kuma da nake tunawa yanzu: in damina ta yi, rana can hagu da dutsen take fitowa, nesa da tsagar, kowa yana gani da idonsa. Amma ba wanda ya taɓa cewa gabas ta motsa. Cewa muke yi rana ce ta kauce, za ta dawo.

Ina da shekara talatin da ɗan wani abu, mahaifiyarku na goyon Rakiya, aka ce gwamnati za ta tashi daga Ikko ta dawo cikin dajinmu. Ba mu ɗauki maganar da gaske ba sai da muka ga masu safiyo suna ratsa gonaki suna kafa fegi. Na shiga aikinsu da adda, ina sare musu hanya. Da yake na yi firamare ina karanta lamba, shugaban ayarinmu ya matso da ni kusa da shi. Oga Lasisi muke ce masa, Bayarabe ne Musulmi, dattijo mai sanyin hali. Shi ya koya mini riƙon kamfas da karatun taswira. Na samu albashi, na sayi keke da agogon hannu, kuma in faɗa muku gaskiya, kaina ya ɗan kumbura.

Wata rana a sansaninmu na wajen Wuse leburori suka roƙi a shata musu wurin salla. Oga ya shimfiɗa taswirar duniya a bayan mota, ya ja layi daga inda muke zuwa Makka, ya ɗora kamfas, ya ce in kafa fegi a can. Na duba inda ya nuna na ce, Oga, wannan ai ya kusa arewa. Ya yi dariya, ya nuna mini da yatsa cewa Makka ba ta zaune a mafitar rana, gabas take amma ta jingina arewa, ita kuma rana yawo take yi, da sanyi ta gangara kudu, da damina ta hau arewa. Ina jin haka gabana ya faɗi, don na tuna da wane lokaci Baba ya iso Tunga.

Ƙarshen makon nan na ari kamfas ɗin na tafi gida. Da hantsi, masallaci ba kowa, na shiga na aza shi a ƙasa. Na auna sau uku. In ka tsaya ka fuskanci Dutse yadda muka saba, Makka ba ta gaban goshinka, tana can tsakanin goshi da kafaɗar hagu, daidai kusurwar da muke jingine tsintsiya da butoci. Ranar Litinin na faɗa wa Oga Lasisi. Sai ya ce da irin Hausarsa:

"Haruna, awo naka daidai ne. Amma ka tafi a hankali. Tsoho ba fegi ba ce da za ka cire ka kafa wani wuri."

Na ji maganar, amma ban yi aiki da ita ba. Abin da ya kamata shi ne in shiga ɗakin Baba in durƙusa in faɗa masa, daga ni sai shi. Tsoro ya hana ni. Sai na ɗauki wata dabara ta wauta: in an tada salla, sai in ɗan karkata jikina hagu a cikin sahu. Wata biyu ina haka. Na kusa da ni ya riƙa jin kafaɗata tana tokare shi, aka fara ƙus-ƙus.

Wata Lahadi da la'asar, Yaya Lawal, wanda shi ne na'ibin Baba, ya kama kafaɗuna kafin kabbara ya miƙar da ni kamar yadda ake yi wa yara. Da aka sallame, tun mutane ba su tashi ba, ya juyo.

"Haruna, wuyanka ke ciwo, ko albashi ne ya yi maka nauyi a gefe ɗaya?"

Aka yi dariya. Zuciya ta ɗebe ni. Na tashi na tsallake sahu, na ciro kamfas daga aljihu na aza a kan buzun Baba, yana zaune da carbi a hannu bai ko gama lazimi ba. Na ce masallacin nan ba ya kallon Makka, shekara arba'in ana salla ana fuskantar inda ba nan ba ne. Da ƙarfi na faɗa, don na baya su ji.

Baba ya dubi allurar tana rawa a kan buzunsa har ta tsaya. Sannan ya ce, "Ina Makkar take?"

Na nuna kusurwar tsintsiya. Wasu suka sake yin dariya, shi bai yi ba.

"Tun yaushe ka sani?"

"Wata biyu, Baba."

"Wata biyu kana bina salla, kana ganin na kauce, ba ka same ni a ɗaki ba."

Ya miƙo mini kamfas ɗin da hannunsa, ya naɗe buzu ya fita.

A gida Gwaggo Asabe ce ta tare ni. Ƙanwar Baba ce, ita ke riƙe da gidan tun rasuwar Inna shekara shida kafin nan. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba.

"Ɗakin Yaya Malam ba shi da ƙofa ne, Haruna? Ko gaskiyar taka ba ta tafiya sai da 'yan kallo?"

Mahaifiyarku kuwa cewa ta yi in je in ba shi haƙuri kafin magariba. Na je. Na same shi a zaune bakin gado, littattafansa a buɗe gabansa. Na durƙusa na fara magana, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ba zancen kunyar da na ba shi ne a ransa ba.

"Innarku fa?" ya ce. "Ni na shiga ramin na kwantar da ita. Ni na juya fuskarta."

A cikin wata biyun nan duka, ko sau ɗaya ban tuna da maƙabarta ba.

Washegari ya hau motar kasuwa zuwa tsohon garin Abuja, wanda a lokacin aka fara kira Suleja don an ba sabon birni sunansa. Bai tafi da ni ba, bai tafi da Yaya ba. Kwana uku ya yi. Da ya dawo ya sa aka tara maza bayan azahar, ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce ya tambayi wanda ya fi shi sani, malamin da ya je Makka a ƙasa ya dawo. Ya ce Haruna gaskiya ya faɗa. Ya ce sallolin baya suna nan, don an yi iyakar ƙoƙari da abin da aka sani, matattu kuma a bar su yadda suke kwance. Amma wanda ya sani ya ci gaba da yin yadda ya saba, wannan son rai ne. Sannan ya juyo ya ce in kawo igiya da farar ƙasa.

Ni na ja layukan, yana tsaye a kaina. Da yake ginin bai motsa ba, sahu ya zama a karkace. Liman ya koma cikin kusurwa, sahun farko mutum uku kawai yake ɗauka, gurbin da Baba ya shekara arba'in yana tsayawa ya zama wurin ajiye tabarmi. Na ɗauka magana ta ƙare, har ina jin daɗi a ɓoye cewa an gane ni ne mai gaskiya.

Yaya Lawal bai shiga ba. Ya ce wa Baba, a ladabce, kansa a ƙasa, shi ba zai juya wa Inna baya saboda ƙarfen Nasara ba, kuma mutanen da ke kafa fegi a gonakin mutane ba su ne za su nuna masa Ubangijinsa ba. Shi da dattawa bakwai suka koma gindin ɗorawar da ke bayan masallaci, suna salla suna fuskantar Dutse. Kada ku ɗauke su jahilai. Lokaci ne da kullum ake jin an tashi wani ƙauye, katafila ta share wata gona, an sauya wa wani rafi hanya. A ganinsu, an zo karɓar ƙasa, ga shi kuma an zo karɓar gabas. Baba bai tsine wa kowa ba, bai kuma sake kiran taro ba. Ladan ɗaya ke kira, a tada salla biyu, bango ɗaya a tsakani. In Baba ya ce Allahu akbar a ciki, sai ka ji muryar babban ɗansa tana faɗin haka a waje.

Abin da ban zata ba shi ne yadda juyin ya taɓa Baba kansa. Mutumin da ban taɓa ganin ya yi rafkanuwa ba ya fara mantuwa a salla. Ya zauna a raka'a ta uku, ya tashi a ta huɗu, ƙabli yau, ba'adi gobe. Wani lokaci in ya ɗago daga sujada sai ka ga jikinsa ya koma dama da kansa, sai ya gyara. Ranar babbar salla na ga ya tsaya a kan rago da wuƙa a hannu, an kayar da shi wajen Dutse yadda aka saba, ya ce a juya, aka juya, ya kuma tsaya yana kallon wuyan ragon kamar bai taɓa yanka ba. Ya sa an matsar da gadonsa sau biyu. Wata rana muna dawowa daga gona, ina tura keke yana gefe, ya ce da ni:

"Kaina ya yarda da kai, Haruna. Jikina ne bai yarda ba. Da in na ɗaga hannu na san hanyar da sallata take bi. Yanzu bango nake gani."

Na ce ko a rushe masallacin a sake gini. Ya ce ba ginin ba ne.

Kafin damina ta tsaya ya sauka daga limanci. Bai ba Yaya ba, bai ba ni ba. Ya ba Malam Bawa, wani Bagware da ya yi karatu a hannunsa, shi kuma ya koma ƙarshen sahu yana salla a zaune. A nan ne zan gyara muku magana ɗaya. Tarin da ya kashe Baba ya girmi wannan rigima da shekara uku, Gwaggo ta sha dafa masa saiwoyi tun ban san kamfas ba. Amma ba zan ce muku abin bai rage masa ƙarfi ba. Mutum in yana da abin da yake tashi dominsa kullum da asuba, ciwo yakan ji nauyinsa. Ni na raba shi da wannan abin, ko da kuwa da gaskiya na raba shi.

Ya rasu da hantsi wata Laraba, ana girbin dawa. Aka yi masa wanka aka sa likkafani, masu haƙa suna jira a zaure da diga da shebur, ba wanda ya ce musu su tafi, don kowa ya san tambayar da ke gaba. Akwai fili kusa da kabarin Inna da Baba ya daɗe da keɓe wa kansa. Yaya ya ce a haƙa shi jere da nata, kafaɗa da kafaɗa. Na riga na yanke cewa ko me ya ce ba zan yi musu a kan gawar ubanmu ba. Sai Gwaggo Asabe ta aiko a kira mu mu biyu. Muka same ta a bakin ɗakin Baba, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ya bar saƙo a wurina, don ya ce in ya ba ɗayanku ɗayan ba zai yarda ba. Ya ce a kwantar da shi daidai, yadda aka nuna masa. Ya ce amma a matso da kansa kusa da kan Innarku iyakar yadda ƙasa za ta bari. Ya ce Haruna ya auna, Lawal ya sa shi."

Haka aka yi. Na ja layi a ƙasa da tsinke, mutanen ɗorawa da mutanen cikin masallaci duk suna tsaye suna kallo. Aka haƙa ramin a karkace, wajen kai ya kusa taɓa na Inna, wajen ƙafa ya buɗe kamar taku biyu. Yaya ya shiga ya karɓi Baba ya kwantar da shi, ya juya fuskarsa inda layina ya nuna, bai kauce ko kaɗan ba. Da ya fito, yana kakkaɓe ƙasa daga gwiwarsa, ya matso kusa da ni ya yi magana a hankali yadda ba wanda zai ji.

"Ka raba su. Ka huta."

Daga ranar ya shekara goma sha takwas bai yi mini magana ba, in ban da amsa sallama. Ni kuma na kwashe ku muka koma Wuse, daga baya Apo, inda kuka tashi kuna ganin 'ya'yan baffanku kamar baƙi. Wannan shi ne farashin, kuma ku ma kun biya ba tare da an tambaye ku ba. Dattawan ɗorawa suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Da mutanen Tunga suka tashi sake gina masallacin da bulo, Yaya ne shugaban aikin. Ya ɗauko mai awo daga gari ya fitar musu da alƙibla, ta faɗo daidai kan layin da na ja da farar ƙasa. Bai kira ni ba, bai kuma taɓa ce mini komai a kai ba. Ni ma ban taɓa tada maganar ba. Da muka koma gaisawa, ranar auren Rakiya ne, ya tambaye ni lafiyar gwiwata na tambaye shi yabanya, shi ke nan.

Na daɗe ina juya abin. Awon dai daidai ne, in an mai da ni baya ma zan faɗa wa Baba, shi da kansa ba zai so a ɓoye masa ba. Laifina wata biyun da na yi shiru ne, da wurin da na zaɓa na buɗe baki, da daɗin da na ji da aka ce in kawo igiya. Yaya kuma ya yi kuskure a lissafi, amma ya ga abin da ni ban gani ba, ya san abin da juyin zai yi wa tsohon nan tun kafin a ja layin farko.

Baffanku yana nan da rai a Tunga, ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni. Rakiya, ke ce babba, ki tara ƙannenki ku je wannan Juma'ar, kada ku jira sai an yi rasuwa. Ku tafi masa da goro fari, ba ya cin ja. In ya ba ku labarin nan yadda shi ya gan shi, ku saurara har ya gama, kada wanda ya gyara masa ko kalma ɗaya. In ya ce zai kai ku maƙabarta, ku riƙe masa hannu, akwai gangara bayan rafin. Ku ce ina gaishe shi, kuma da ƙafa za ta ɗauke ni da ni za a zo.